Babi na Huɗu: Sharhi a Kan Ra'ayoyin Mai Tara Faya-fayan Waƙoƙin Hausa

4.0 Gabatarwa

Da wuya a sami babban gari a ƙasar Hausa da babu mutum ɗaya ko biyu da aka sani da tara faya-fayan garmaho da kaset-kaset na makaɗan baka. Wani ɗan kasuwa ne, wani tsohon ma'aikacin gidan rediyo, wani kuwa malamin makaranta da ya yi ritaya. Irin wannan mutum shi ake kira mai tara faya-fayai a wannan babi. Ɗalibai masu nazarin waƙa wurinsa suke zuwa neman abin da suka rasa a ɗakin karatu na jami'a, kuma ba waƙar kaɗai suke baro wurinsa da ita ba, har da ra'ayinsa a kanta. Sau da yawa wannan ra'ayi yakan shiga cikin kundi a matsayin hujja ba tare da an tace shi ba. Saboda haka ya zama wajibi a auna ra'ayoyin nasa na yau da kullum, a ga inda suka tsaya da ƙafarsu da kuma inda suke ɗingishi.

4.1 Batun "Asalin Waƙa"

Ra'ayin da ya fi kowane yawan fitowa daga bakin mai tara faya-fayai shi ne cewa kowace waƙa tana da asalinta guda ɗaya, sauran duk maimaici ne. Idan aka sa masa Bakandamiyar Alhaji Mamman Shata, misali, nan take zai ce wannan ba ita ce ta asali ba, ya tashi ya ɗauko tasa. Idan aka bi diddigi kuwa, sai a tarar abin da yake kira asali shi ne naɗin da ya fara shiga kunnensa yana saurayi, ko kuma wanda ya fi shan wahala kafin ya mallaka.

Wannan ra'ayi bai dace da yadda waƙar baka take rayuwa ba. Shata, wanda ya rasu a 1999, ya shafe fiye da shekara hamsin yana kiɗa, kuma sananne ne cewa ba ya rubuta waƙa, ba ya kuma zama ya haddace ta kafin ya shiga fage. Gindin waƙar da amshinta da kiɗan kalangu su ne suke zama daram. Ɗiyan waƙar kuwa suna ƙaruwa suna raguwa gwargwadon wurin da ake, da mutanen da suka hallara, da wanda ya yi kyauta a wannan dare. Dandatti Abdulƙadir ya yi nazarin wannan hali na Shata a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana a 1975. Tun kafin nan Albert Lord, a littafinsa na 1960 a kan mawaƙan baka na ƙasar Yugoslabiya ta wancan lokaci, ya nuna cewa mawaƙin baka yana ƙirƙira ne a daidai lokacin da yake rerawa, don haka kowace rerawa waƙa ce mai cin gashin kanta. Ke nan idan akwai naɗin Bakandamiya biyar a hannun mutum, to Bakandamiya biyar gare shi, ba ɗaya da kwafi huɗu ba.

To daga ina mai tara faya-fayai ya samo wannan tunani? Amsar tana jikin faifan da kansa. Faifan garmaho na da, mai juyi 78 a minti ɗaya, ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti uku a kowane gefe. Ƙaramin faifai mai juyi 45, wanda ya fito a 1949, bai fi shi da wani abin kirki ba. Babban faifan da ya fito a 1948 ne yake kai minti ashirin da 'yan kai a gefe guda. Kamfanoni irin su EMI da Decca da Philips, waɗanda suka yi harkar naɗar waƙoƙi a Legas, dole su sa makaɗi ya tsuke waƙarsa ta shiga wannan ma'auni. Makaɗin da ya saba kwana yana kiɗa a gidan biki sai a ce masa ya gama cikin 'yan mintoci, babu masu liƙi, babu mai guɗa, babu wanda zai shigo fage a sa sunansa. Abin da ya fito daga wannan ɗaki na naɗa shi ne aka buga dubbai, aka yi ta sawa a rediyo har kunne ya haddace shi. Wato wanda aka fi gutsurewa shi ne ya zama "asali", cikakkiyar rerawar da wani ya ɗauka da rikodarsa a gidan biki kuma ta zama "maimaici". Wannan juyin waina ne da ya kamata manazarci ya lura da shi.

Amma adalci shi ne a ce ra'ayin nasa ya fi kusa da gaskiya idan aka koma ga makaɗan fada. Irin su Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo sukan shirya waƙa tare da yaransu kafin a kai ta gaban sarki, domin tsarin ƙari da karɓeɓeniya tsakanin jagora da 'yan amshi ba ya yiwuwa sai kowa ya san inda zai shiga. Waƙarsu ta fi zama wuri ɗaya. Duk da haka ko a nan akwai matsala. Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960, kuma abin da aka samu na muryarsa kaɗan ne ƙwarai in an kwatanta da tsawon shekarun da ya yi yana kaɗa kotso. Wanda ya ce naɗin da ke hannunsa shi ne yadda Narambaɗa yake rera waƙar Dokin Iska, abin da yake iya tabbatarwa kawai shi ne haka ya rera ta a ranar da aka sami na'ura a kusa.

Akwai kuma wani abu ƙarami da ba a cika kula da shi ba, wato lafiyar naɗin kansa. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fitar a 1963, shi ya sa waƙa ta shiga kowane lungu, domin kowa yana iya kwafa. Sai dai kwafi a kan kwafi yana cinye sauti. Rikodar da batirinta ya yi sanyi tana juya zare a hankali, kuma abin da aka naɗa da ita idan aka sa shi a lafiyayyar na'ura sai ya yi sauri, murya ta sirance, kalangu ya ƙara tsini. Masu sayar da kaset a kasuwa su ma sukan datse waƙa don ta shiga gefen minti talatin na kaset mai lamba 60, ko su cike gurbi da wutsiyar wata waƙar. Saboda haka idan mai tara faya-fayai ya saurari murya ya yanke hukunci cewa wannan Shata ne yana matashi, mai yiwuwa ne ya yi daidai, mai yiwuwa ne kuma batiri yake sauraro.

4.2 Wanda Ya Isa a Adana da Wanda Bai Isa Ba

Ra'ayi na biyu ya shafi daraja. A wurin mai tara faya-fayai makaɗa hawa-hawa ne: makaɗan fada a sama, sai Shata shi kaɗai a nasa matsayi, sai irin su Ɗan Maraya Jos da Haruna Uji, sannan sauran. Makaɗan sana'a, na noma da fawa da ƙira, da kyar ake samun kaset biyu nasu a cikin akwati guda. Kiɗan mata kuwa, irin amadar da Barmani Coge ta shahara da ita har ta rasu a 2013, yakan kira shi kiɗan ƙwarya na cikin gida, ya wuce.

Da ra'ayi ne na fatar baki kawai da babu damuwa, kowa da abin da kunnensa yake so. Illar ita ce ra'ayin mai tarawa shi ne yake yanke abin da zai tsira. Kaset ɗin da yake girmamawa shi yake naɗewa a tsumma, ya kwafe shi tun bai lalace ba, yau kuma ya sa a mayar masa da shi cikin kwamfuta. Wanda ya raina shi yake bari a rana, ko ya naɗi wani abu a kansa. Bayan shekara talatin sai ɗalibi ya zo ya tarar da waƙoƙin sarauta ɗari da na mata uku, ya rubuta cewa mata ba su yi waƙa da yawa ba. Ames da King, a littafinsu na 1971 a kan kalmomin kiɗan Hausa, sun jera kayan kiɗa da lokutan kiɗa masu yawan gaske, waɗanda galibinsu ba za a ji ɗuriyarsu a akwatin mai tara faya-fayai ba. Rabe-raben makaɗa da Gusau (1993) ya bi wajen nazari shi ma bai ce wani rukuni ya fi wani cancantar a adana shi ba.

Haka abin yake game da mawaƙan zamani masu amfani da fiyano da ɗakin haɗa sauti. Hukuncinsa a kansu gajere ne: ba kiɗan Hausa ba ne, kwaikwayon Indiya ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin tasirin finafinan Indiya a waƙoƙin finafinan Hausa ba ɓoyayye ba ne. Sai dai hujjar da yake kafawa da ita, cewa na da ba su taɓa sabon abu ba, ba ta tsaya ba. Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa bayan saukarsa a duniyar wata a 1969, Ɗan Maraya kuma ya yi wa karen mota, sana'ar da ba ta zo ba sai da mota ta zo. Ita kanta na'urar garmaho da yake taƙama da ita baƙuwa ce.

4.3 Littattafai da Sauran Abubuwan Nishaɗi

Mai tara faya-fayai yawanci makaranci ne, kuma ma'aunin da yake auna waƙa da shi, da shi yake auna littafi. Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam su ne Hausa tsantsa a wurinsa. Littattafan da suka cika kasuwar Kano daga ƙarshen shekarun 1980, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu, yakan kira su na yara da matan aure, sau da yawa bai karanta ko ɗaya ba. Abin ban sha'awa shi ne Magana Jari Ce, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930, cike yake da labaran da Imam ya ɗauko daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da na Indiya, har da dabarar sa aku ya riƙa ba da labari, ya yi musu riga da wando na Hausa. Aron da ya yafe wa Imam shi ne yake tuhumar 'yan baya da shi. Bambancin kawai shi ne na Imam ya tsufa a hannunsa tun yana firamare.

Inda ra'ayinsa a kan littafi yake da nauyi shi ne littattafan da aka rubuta a kan makaɗa. Idan ya ɗauki littafi irin Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006, ko wani kundi da aka rubuta matanin waƙa a ciki, yakan karanta ne da kaset a gefe. Shi ne zai gane an ji kalma ba daidai ba, musamman a waƙoƙin Sakkwatanci da ɗalibi Bakano ya rubuta da kunnen Kananci, ko an ɗora wa wani basarake waƙar da aka yi wa mahaifinsa. Ya san wane ne aka yi wa zambo a ɗan waƙa kaza, da abin da ya haɗa su. Ya san shirin da aka fara sa wata waƙa a Rediyon Kaduna, gidan da aka buɗe a 1962. Wannan sani ne da babu shi a littafi, kuma yana tafiya kabari tare da masu shi. A nan manazarci ba shi da abin yi sai ya buɗe littafin rubutunsa ya saurara.

Game da wasanni ba ya cika dogon bayani. Dambe da kokawa da sukuwar sallah su ne wasa, ƙwallon Turai da matasa suke kwana kallo ɓata lokaci ne. Amma ko damben ma, idan aka matsa masa da tambaya, sai a ga ta bakin Ɗan Anace ya san shi. Shagon da yake ba da labarinsa kamar ya ga dukansa da ido, Shagon cikin waƙa ne, wanda makaɗi ya gina da kirari da kambamawa. Da yawa daga cikin masu wannan ra'ayi sun yi shekaru ba su taka filin dambe ba, alhali ana yin sa har gobe a Kano da Sakkwato da Gusau, da sababbin 'yan dambe da sababbin makaɗansu waɗanda ba wanda yake naɗar su da niyyar adanawa.