Hanjin Ɓera da Hanjin Ɗan Tarauni: Sharhi a Kan Binciken Garkuwar Hanji

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce auna wani ra'ayi da ya samu karɓuwa tsakanin masana garkuwar jiki, wato cewa hanji ba bututu ne mai hali guda ba, kowane yanki nasa da irin ƙwayoyin tsaron da ke zaune cikinsa. Za a duba ƙarfin hujjar, sannan a nuna inda ta gaza.

Ƙarfin Hujjar

A 2014 Mowat da Agace suka tattara bayanan wannan fanni, waɗanda akasarinsu daga ɓera aka samo su. A 2019 kuma masu bincike a Jami'ar Rockefeller ta Amurka suka nuna cewa kaluluwar da ke kula da farkon ƙaramin hanjin ɓera takan koya wa jiki haƙuri da abinci, ta ƙarshen hanji kuwa ta fi saurin ta da faɗa.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce ga likitocin fiɗa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yake kuma kan titin Zariya, daura da Gyaɗi-Gyaɗi. Idan zazzaɓin taifot ya huda hanjin yaro, galibi a mako na uku, a ƙarshen ƙaramin hanji ake samun hujin, domin a nan ne curin ƙwayoyin tsaro da Peyer ya bayyana a 1677 suka fi taruwa, kuma cikinsu cutar ke yin sansani.

Inda Ta Gaza

Na farko, ƙwayar taifot ɗan'adam kaɗai take kamawa. 'Yar'uwarta ake ba ɓera a ɗakin gwaji, saboda haka sakamakon kwatance ne kawai.

Na biyu, curin Peyer a warwatse suke a tsawon ƙaramin hanjin ɓera, saɓanin na mutum.

Na uku, kuma mafi nauyi, ɓeran gwaji a killace ake renonsa, bai san ƙazanta ba. A 2016 masu bincike a Jami'ar Minnesota suka gano cewa garkuwarsa ta fi kama da ta jariri sabon haihuwa. Ina haɗinsa da yaron Tarauni mai shan ruwan garuwa, wanda ya sha fama da gudawa da tsutsar ciki tun kafin yaye?

Kammalawa

Bisa ga haka, ya kamata mu karɓi taswirar da ɓera ya ba mu, amma kada mu ɗauki ma'auninsa mu ɗora wa 'ya'yanmu. Wajibi ne a binciki guntayen hanjin da ake yankewa a ɗakunan fiɗarmu, da yardar iyaye. Mu malaman kwalejojin ilimi kuma mu daina koyar da hanji a matsayin wurin narka abinci kurum, domin abin da muka rage wa ɗalibinmu shi ne zai rage wa nasa.