Minti uku a bakin iyaka: nazarin mabuɗin fim ɗin Touch of Evil na Orson Welles

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan aiki za mu duba mabuɗin fim ɗin Touch of Evil, wanda Faransawa suka sani da sunan La Soif du mal. Orson Welles ne ya shirya shi wa kamfanin Universal, aka fitar da shi a 1958. Fim ne na jan rai, watau irin wanda ke riƙe mai kallo cikin zulumi. Mabuɗinsa ya sha yabo ƙwarai, har yabon ya kusa hana a yi masa nazari. Manufarmu ita ce mu auna abin da ya ƙara wa labarin da kuma abin da ya rage masa.

2. Abin da ake gani

Labarin yana faruwa a Los Robles, wani ƙagaggen gari bisa iyakar Meksiko da Amurka. Da farko hannuwan wani mutum muke gani yana ɗana agogon bam. Ya ruga ya sa bam ɗin a akwatin bayan wata mota. Wani attajiri, Linnekar, da budurwarsa Zita suka shiga motar suka tashi. Kamara ta hau sama, ta ƙetare rufin gini, ta sake tarar da motar cikin titi. Ɗan sanda ya tsai da ita, masu tura kura da garken awaki suka tare mata hanya. Ana haka sai ga Vargas, jami'in Meksiko mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, tare da amaryarsa Susan, suna tafe a ƙasa. Motar takan wuce su, su kuma su cim mata, har suka haɗu a shingen duwan. Zita ta ce tana jin wani abu na ƙyas-ƙyas cikin kanta, ba wanda ya kula. Motar ta ƙetare, bam ya tashi. Duk wannan, fiye da minti 3, an ɗauke shi a zubi ɗaya ba yanka, abin da ake kira plan-séquence da Faransanci. Russell Metty ne ya jagoranci ɗaukar hoton.

3. Ƙarfin mabuɗin

Ƙarfi na farko shi ne mai kallo ya fi mutanen cikin fim sani. A hirarsa da François Truffaut, wadda aka buga a 1966, Alfred Hitchcock ya bambanta ba-zata da jan rai: bam ɗin da ya tashi ba shiri razana ce ta ɗan lokaci, amma wanda aka nuna tun farko yakan mai da kowace maganar banza abin fargaba. Mai tatsuniya ya san wannan dabara, shi ya sa yake fara gaya wa yara inda Gizo ya haƙa rami kafin ya kawo Kura.

Na biyu, tun da ba a yanka ba, lokacin agogon bam da lokacin mai kallo ɗaya ne. Kowane jinkiri, ko na awaki ne, cikin mintocinmu ake cire shi.

Na uku, wanda a ganinmu ya fi muhimmanci, shi ne maganar iyaka. An ɗana bam a Meksiko, ya tashi a Amurka. To, shari'ar ta wa ce? Daga nan rigimar Vargas da Quinlan, babban ɗan sandan ɓangaren Amurka, ta samo tushe. Kamara ta bi titi ɗaya, cikin jama'a ɗaya, sai ga shinge a tsakiya. Wanda ya taɓa tsayawa a Ɗan Isa, kan hanyar Maraɗi zuwa Katsina, ba ya bukatar bayani a nan: ana duba takarda, ana gaisawa da wanda aka sani, abin da ke cikin kaya kuwa ya wuce.

4. Rauninsa

Daga inda ƙarfin ya fito, daga nan raunin ya ɓullo. Da yake kamara ba ta tsayawa, ba ta ba mu damar sanin waɗanda za su mutu. Tsoronmu duk ga Vargas da Susan yake, kada bam ya tashi suna kusa. Da ya tashi sun yi nisa, sai mu ji sanyi a rai, alhali mutum biyu sun hallaka. Fim ɗin da zai tuhumi Quinlan da raina ran talaka, shi kansa ya wuce Zita bai waiwaya ba.

Sa'an nan tambayar da mabuɗin ya dasa, watau wa ya ɗana bam, ba ita ce tambayar fim ɗin ba. Ainihin zancen shi ne ko ya halatta ɗan sanda ya ƙaga shaida don ya kama wanda zuciyarsa ta ba shi. Quinlan bai bayyana cikin waɗannan mintoci ba, amsar maganar bam kuwa a ƙarshe aka jefo ta da baki kawai, cewa Sanchez ya amsa laifi. A ɗakin Sanchez, inda aka ce an samu nakiya cikin kwalin takalmin da Vargas ya gani wayam, nan ma akwai dogon zubi ba yanka, amma ba ya jan ido ga kansa. A ra'ayinmu ya fi mabuɗin yi wa labari aiki.

Akwai kuma zaɓen Charlton Heston, Ba'amurke da aka shafa wa fuska don ya fito a Bameksike. Wannan ya rage wa maganar iyaka nauyi tun daga fitowarsa ta farko.

5. Mabuɗi biyu

Wajibi ne mai nazari ya faɗi wane kwafi ya kalla. A na 1958, kamfanin ya ɗora sunayen ƴan wasa da kiɗan Henry Mancini bisa hoton. Welles ya rubuta takarda mai shafi 58 a 1957 yana roƙon gyare-gyare. Sai a 1998, shekara 13 bayan rasuwarsa, Walter Murch ya sake haɗa fim ɗin bisa ga takardar: aka cire sunayen, aka bar kaɗe-kaɗen mashaya da rediyon motar suna shiga juna. Ta haka kunne ke bin motar ko da ta ɓace wa ido.

6. Kammalawa

Mun ga cewa mabuɗin ya yi nasara wajen lokaci da wuri, ya gaza wajen mutane. Ga masu shirya fim da Hausa, a Kano ko a Maraɗi, inda sau da yawa akan buɗe da jerin sunaye da godiya bisa kiɗa, darasin ba ya neman manyan kayan aiki. A nuna haɗari da wuri, a bar sauti ya yi aikinsa, a kuma ba mai kallo dalilin damuwa da wanda haɗarin zai faɗa wa.