Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama: Jari da Kiɗa a Wasan Kwaikwayon Hausa

Galibin masu nazarin wasan kwaikwayon Hausa na bidiyo sukan mai da hankali ga 'yan wasa da mawaƙa, su manta da wanda ya zuba dukiyarsa aka yi aikin. Alhali kuwa abin da mai jari ya saya da kuɗinsa, shi ne yakan yanke irin fasahar da za ta fito. Aikin Alhaji Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama, mutumin Kano, ya isa misali.

Cikin 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne farkon wasan Hausa na kaset da aka kai kasuwa. Bayan 'yan shekaru Iyan-Tama ya kafa kamfaninsa, Iyan-Tama Multimedia, ya sayi fiyanon Yamaha, watau na'urar da ke kwaikwayon muryar ganga da sarewa da sauran kayan kiɗa. A ɗakin kiɗansa aka haɗa kiɗan Sangaya, na kamfanin Sarauniya, cikin 1999. Irin karɓuwar da wasan nan ya samu ita ta sa masu shirya wasa suka rungumi kiɗan fiyano, har ya zama da wuya kaset ya shiga kasuwa babu shi.

Amfanin wannan a fili yake. Yaro guda ya ɗauke aikin makaɗa da yawa, kuɗin aiki ya ragu. Sa'an nan kiɗa, wanda dā sana'ar gādo ce, ya zama wanda bai gāda ba ma yana iya cin abinci da shi.

Amma akwai hasara. Kalangu magana yake yi, gama makaɗi yana matsa igiyoyinsa a hammata, murya ta hau ta sauka bisa karin harshen Hausa, har mai sauraro ya gane kirarin da ake yi. Fiyano kuwa amon kalangu kaɗai ya ɗauko, ya baro zancen. Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, maƙwabtan Funtuwa inda Alhaji Mamman Shata ya zauna, ba sa bukatar a bayyana musu bambancin nan. Shata kuwa ya rasu cikin 1999, shekarar da Sangaya ya fito.

Ba za a ce riba kaɗai Iyan-Tama ya bi ba. Wasansa Tsintsiya, wanda ofishin jakadancin Amurka ya taimaka aka shirya, magana yake yi a kan zaman lafiya tsakanin kabilu da addinai. A kansa ne Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta kai shi ƙara, bisa zargin ya fitar da shi ba a tace ba. Ya musanta, amma a ƙarshen 2008 aka yanke masa hukuncin ɗauri. Cikin 2009 Babbar Kotun Kano ta rushe hukuncin.

Saboda haka wanda zai auna aikin mutumin nan, lalle ya ɗora abu biyu a ma'auni. Ya buɗe wa samari ƙofar sana'a, ya kuwa sha ɗauri a kan wasan da ya tsaya a kansa. Amma ta ƙofar nan da ya buɗe ne kalangu ya fita. Malamin da ke koyar da waƙar baka ya kamata ya jiyar da ɗalibansa Shata, ya jiyar da su Sangaya, sa'an nan ya tambaye su abin da ya ɓace tsakani.