Hoto da Kunyar Gyaɗa: Nazarin Farfagandar Yaƙin Hitila a Karkarar Kano

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu auna hotunan farfagandar da Ingila ta buga a Yaƙin Duniya na Biyu (1939-1945) da ma'aunin manomin Bichi da Ɗambatta. Mu ɗauki hoton nan mai taken haɗin kai, inda sojojin daular Ingila ke maci tare. Mai zanen ya jera Turawa a sahun gaba, sojan Afirka kuwa yana can baya. Ke nan zanen ya tona abin da taken ya rufe.

Bayan Japan ta ci Malaya a 1942, Ingila ta matsu da mai, sai aka ƙarfafa kiran ƙara noman gyaɗa. Da yake masu karatun boko ƙalilan ne, kiran ya iso ƙauye ta bakin hakimi da dagaci, da masu karanta wa jama'a Gaskiya Ta Fi Kwabo. Farashi kuwa hukuma ke yankewa.

A ganinmu, raunin wannan farfaganda shi ne neman sadaukarwa ba tare da lissafin cimaka ba. Inda gonaki suka yi wa jama'a kaɗan, kowace kunyar gyaɗa ragi ce daga rumbun gero.