Bruce Onobrakpeya da Darajar Zanen da Ake Bugawa da Hannu

A kasuwar zane-zane ta Najeriya, wadda ta bunƙasa a Legas tun lokacin da kamfanin Arthouse Contemporary ya fara gwanjon ayyukan fasaha a 2008, akwai wata ɗabi'a da ta shigo daga manyan kasuwannin duniya take kuma samun gindin zama. Ana ɗaukar hoton zanen fenti da kyamara, a fitar da shi da injin feshin tawada a kan takarda mai kauri, mai zanen ya sa hannu ya rubuta lamba a ƙasa, sannan a sayar da shi a layi ɗaya da zanen ɗab'i na hannu kamar babu bambanci a tsakaninsu. Bambancin kuwa babba ne, kuma rayuwar aikin Bruce Onobrakpeya, wanda aka haifa a Agbarha-Otor ta ƙasar Urhobo a 1932, ta isa ta nuna inda yake.

Abin da ake nufi da zanen ɗab'i shi ne zanen da ba a yin sa kai tsaye a kan takarda: mai zanen yana sassaƙa siffar da yake so a kan wani faranti, na katako ko na linoliyam (wato shimfiɗar daɓe mai taushin yanka) ko na tutiya da tagulla, sannan ya shafa tawada, ya ɗora takarda, ya matse su da injin matsi, kamar yadda hatimi ke barin alamarsa a kan wasiƙa. Idan farantin ƙarfe ne, akan rufe shi da kakin da asid ba ya ci, a kankare layukan zanen a cikin kakin, a tsoma shi a asid domin ya cinye wuraren da aka buɗe, waɗanda su ne za su riƙe tawada. Kowace takarda da ta fito daga wannan faranti aiki ne na asali, domin babu wani zane a wani wuri da take kwaikwayo, kuma lambar da ake rubutawa da fensir, misali 7/50, tana shaida cewa wannan ce ta bakwai cikin hamsin da aka ƙayyade. Kwafin inji kuwa hoton wani aiki ne da aka riga aka gama, lambar da ke jikinsa ba ta da wata alaƙa da lalacewar faranti ko gajiyar hannu, illa dai alkawarin mai sayarwa cewa ba zai ƙara danna maɓalli ba.

Onobrakpeya ya shiga Kwalejin Fasaha, Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya da ke Zariya a 1957, kwalejin da ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma yana cikin ɗaliban da suka kafa Ƙungiyar Fasaha ta Zariya a 1958 tare da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Aƙidarsu ita ce mai zane ya karɓi dabarun da makarantar Turawa ke koyarwa, amma ya samo siffofinsa da labaransa daga al'adun ƙasarsa. A fannin fenti aka horar da shi, sai dai bitar da Ulli Beier ya shirya a Ibadan da Oshogbo a farkon shekarun 1960, inda malamin ɗab'i ɗan ƙasar Holan Ru van Rossem ya koyar, ita ta karkatar da shi ga faranti. A waɗannan shekaru ne kuma ya yi wa littattafai zane, ciki har da An African Night's Entertainment na Cyprian Ekwensi.

Abin da ya fi dacewa da wannan magana shi ne abin da ya faru a 1967, lokacin da ya yi amfani da wani nau'in asid da bai dace ba, ya cinye masa farantin tutiya fiye da yadda ya so. Ya cike ramukan da Araldite, wani irin gam mai daskarewa ya yi tauri, da ya buga sai ya tarar tudun gam ɗin ya bar kwari da tudu a jikin takardar, har yatsa na iya bin zanen. Daga nan ya gina dabarar da ya sa wa suna plastograph, inda ake zuba gam ɗin a sassaƙa shi ya zama shi ne farantin, kuma daga gare ta wasu dabaru suka tsiro, kamar matsa siririn fallen ƙarfe a kan farantin a madadin takarda. Wannan irin ganowa ba ta yiwuwa sai ga wanda hannunsa ke cikin kayan aikin, wanda asid da gam da damshin takarda ke iya saɓa wa nufinsa su kai shi inda bai yi niyya ba. Injin feshin tawada an ƙera shi ne domin ya maimaita abin da aka ba shi ba tare da saɓani ba, kuma wannan shi ne amfaninsa, amma shi ne kuma dalilin da ya sa ba zai taɓa koya wa mai zane sabon abu game da zanensa ba.

Masu kare kwafin inji suna da hujjar da ba za a raina ba, cewa yana sauƙaƙa wa malamin makaranta ko ƙaramin ma'aikaci rataya zane mai kyau a ɗakinsa, kuma yana samar wa matashin mai zane kuɗin cefane tsakanin ciniki da ciniki. Haka ne, kuma babu laifi a sayar da shi matuƙar an faɗa wa mai saye abin da yake saye. Haka nan zanen da aka ƙirƙira tun farko a kwamfuta hukuncinsa daban ne, tun da ba shi da wani asali sai wanda injin ya fitar. Laifin yana inda ake ara wa kwafi alamomin zanen ɗab'i, sa hannu da lamba da takardar shaida, domin a ɗaga farashinsa, wanda sakamakonsa shi ne mai saye ya daina bambancewa, ya ɗauki duk abin da ke da lamba a matsayin kwafi, har ya raina aikin wanda ya shafe makonni yana sassaƙa faranti. Shi kansa Onobrakpeya, in za a yi adalci, bai kuɓuta daga jan kasuwa ba, domin manyan ayyukansa na fallen ƙarfe sun fi kusa da sassaƙa, kuma farashinsu ya yi nisa da aljihun talakan da ɗab'i ya kamata ya isa gare shi.

Inda ya biya wannan bashi shi ne koyarwa. Ya koyar a Kwalejin St. Gregory ta Legas daga 1963 zuwa 1980, ya horar da almajirai a ɗakin aikinsa, sannan a 1998 ya fara bitar shekara-shekara da ake kira Harmattan Workshop a mahaifarsa, inda masu digiri da waɗanda ba su shiga jami'a ba ke aiki kafaɗa da kafaɗa. Wannan tsari ya dace da ɗab'i fiye da kowane fannin zane, domin injin matsi yana da tsada da nauyi, takarda mai jure jiƙo da tawadar da ta dace galibi daga waje ake shigo da su, kuma sanin yawan tawadar da za a goge daga faranti abu ne da ake koya ta kallon hannun wani. Matashin da ba shi da hanyar zuwa irin wannan wuri zai nufi shagon buga fosta ne, ba don ya fi son sa ba. Sassan koyar da zane na jami'o'i, ciki har da na Zariya inda Onobrakpeya ya fara, su ne ke da ɗakunan da za su iya buɗe wa masu zane na gari a lokutan hutu, su kuma gidajen baje koli aikinsu ne su rubuta a jikin kowane aiki ko faranti ne ya fitar da shi ko injin feshi.