Lebura, Heluma da Maigida: Nazarin Jigon Ƙwadago a Fim ɗin Jaguar

1.0 Gabatarwa

Jean Rouch, Bafaranshe masanin al'adu, ya ɗauki hotunan fim ɗin Jaguar a tsakanin 1954 da 1955, amma fim ɗin bai fito ba sai 1967. Labari ne na samari uku 'yan Nijar da suka tafi cin rani ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yau. Taurarin ba Hausawa ba ne, kuma da Faransanci ake ba da labarin. Duk da haka, rayuwar da aka nuna ita ce ta baƙin da suka cika zangunan Accra, irin su Sabon Zango da Nima da Mamobi, inda Hausa ce harshen ciniki da na neman aiki. Wannan takarda za ta duba yadda fim ɗin ya fito da dangantakar ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki, sannan ta nuna giɓi biyu da ya bari, wato maigida da ƙungiyar ƙwadago.

2.0 Warwarar Jigo

Damure Zika mai ilimin boko, da Lam Ibrahim makiyayi, da Illo Gaudel masunci sun tashi daga kasuwar Ayoru, suka ratsa Dahome da Togo har suka isa bakin teku. Da suka shiga Gwalkwas sai suka rabu. Lam ya nufi Kumasi ya kama ciniki a kasuwa. Illo ya zama lebura a tashar jiragen ruwa ta Accra. Damure ya sami aiki wurin sayar da katako, kuma saboda ya iya karatu da lissafi aka ɗaga shi ya zama heluma. Daga ƙarshe suka koma gida da tsaraba, suka rarrabar da ita cikin ɗan lokaci.

3.0 Inda Fim ɗin Ya Yi Nasara

Babbar nasarar fim ɗin ita ce bambancin da ya nuna tsakanin Damure da Illo. Tare suka baro gida, tare suka sha wahalar hanya, amma alƙalami ya raba su: ɗaya yana ba da umarni, ɗaya yana ɗaukar kaya a ka. Kalmomin "lebura" da "heluma" duka aro ne daga Ingilishi, kuma sun shigo Hausa ne tare da aikin albashi na zamanin Turawa. Heluma ba shi ne mai dukiya ba, amma shi lebura yake gani kullum, kuma shi yake wa ladabi.

Sai dai salon fim ɗin ya karkata ga heluman. An ɗauki hotunan ba tare da sauti ba, daga baya Damure da Lam suka zauna suna kallo suna sharhi cikin raha. Saboda haka mai kallo yana ganin gumin leburori amma ba ya jin ta bakinsu.

4.0 Giɓin Farko: Maigida

Fim ɗin bai tsaya kan tambayar da ta fi damun baƙo ba: ina zai sauka, kuma wa zai tsaya masa? A zango amsar ita ce maigida. Shi ke ba baƙo masauki, ya ajiye masa kuɗi, ya samo masa aiki, ya shiga tsakani idan an hana shi haƙƙinsa. Ita kanta Nima a kan irin wannan tsari ta kafu. Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, shi ya fara zama a wurin a shekarun 1930, jama'a suka taru a kansa, unguwar kuma ta bunƙasa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da masu neman aiki a sansanin sojojin Amurka.

A nan ya kamata ɗalibi ya lura da kalmomi. Kishiyar "maigida" a wannan fage ita ce "yaro", ko da kuwa yaron ya yi furfura. Kalmar tana ɗauke da biyayya da kunya, ba yarjejeniya ba. Abin da ke shiga tsakaninsu yakan zama la'ada ko ihisani, maimakon albashi tsayayye. Ke nan wanda ya fassara "maigida" da "mai ɗaukar ma'aikata" kawai ya zubar da rabin ma'anar, domin ba a yi wa wanda ya ba ka ɗaki yajin aiki.

5.0 Giɓi na Biyu: Ƙungiya

Jaguar ya nuna taron jam'iyyar CPP ta Kwame Nkrumah, amma ƙungiyar ƙwadago ba ta cikin jigonsa, alhali zamanin nata ne. An kafa babbar ƙungiyar TUC a 1945. A watan Janairun 1950 ta shiga yajin aikin gama-gari tare da CPP. Daga Nuwambar 1955 ma'aikatan ma'adinai, waɗanda da yawansu 'yan arewa ne, suka yi kusan wata uku suna yaji.

Ana iya kare Rouch da cewa ɗan cin rani mai shirin komawa gida kafin damina ba ya yankar katin ƙungiya. Wannan gaskiya ne, amma shi ne ainihin abin da ya kamata fim ɗin ya nuna: ƙungiya ta fi ƙarfi inda ake da ma'aikaci na dindindin, ɗan dako kuwa sai maigida. Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ta ba ma'aikata biyu ko fiye da ke aiki wuri ɗaya damar kafa ƙungiya, ta kuma wajabta rubuta yarjejeniyar aikin da ya kai wata shida. Amma 'yan mata masu dako a kasuwannin Accra, da ake kira "kayayei", daga kalmar Hausa "kaya" da kalmar harshen Ga mai nufin mata, ba su da uban ɗaki guda da za a rubuta yarjejeniya da shi. Ko a ƙungiyar sufuri ta GPRTU, masu motoci da direbobinsu duk mambobi ne, wato maigida da yaronsa a inuwa ɗaya.

6.0 Kammalawa

Jaguar taska ce ga mai nazarin cin rani, amma ya mayar da ƙwadago yawon buɗe ido mai kyakkyawan ƙarshe. Shekara biyu bayan fitowarsa, a Nuwambar 1969, gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar izinin zama mako biyu su bar ƙasar, dubban mazauna zanguna suka kwashe kayansu. A ranar, maigida da yaronsa mota ɗaya suka hau. Ɗalibin da zai kalli fim ɗin sai ya riƙa tambayar kansa wane ne ke magana, wane ne kuma ake magana a kansa.