Jinjina ga Matan da Suka Ba Mu Jarumai

Tun 1941 Amurkawa ke alfahari da Wonder Woman, jarumar littattafan zane. 'Yan matan Kano kuwa nasu jaruman a littattafan Hausa suka same su, irin waɗanda ake bajewa a kasuwar Sabon Gari. Yarinya a Fagge za ta tara kuɗin tara ta sayi ɗaya, ya zagaye gidajen unguwa hannu da hannu har bangonsa ya yage, a liƙe shi a ci gaba.

A cikin mata marubuta, Hafsat Abdulwahid ce ta share fage da So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta kawo mana Rabi a Alhaki Kuykuyo Ne: miji ya kore ta, ta kama sayar da abinci ta riƙe 'ya'yanta. Bilkisu Funtuwa ta zana mata masu ilimi da sana'a.

An zarge su da ɓata tarbiyya, ba su ajiye alƙalami ba. Mata da yawa a littattafansu suka goge da karatun boko. Sannunku da ƙoƙari, iyayenmu, Allah ya saka da alheri.